Kiran da Mutum Biyu Suka Amsa

"Bang!" in ji Salmiah.

"Na'am," in ji mijinta Rosdi, yana zaune dab da ita, bakinsa cike da taliya.

"Na'am, Dik!" in ji mai rumfar daga can bakin murhu, murya tar kamar wanda aka yi wa albishir.

Rosdi ya tsaya da tauna. Ya dubi matarsa, ya ga ko kallonsa ba ta yi. Kofinta ta ɗaga tana nuna wa wancan, wai a ƙaro mata ƙanƙara a shayi.

Tsakani da Allah babu abin magana a nan. Duk faɗin jihar Kedah, mace in ta ga namijin da ya girme ta Abang za ta ce, ta gutsure shi ya koma Bang. Mai kifi Bang, direban bas Bang, yayanta da suka sha nono ɗaya Bang, mijinta ma Bang. Rosdi ya san wannan tun bai iya ɗaura zani ba. Shekara ashirin da tara yana jin Salmiah tana kiran mazan kasuwa da sunan nan, ko a jikinsa. Amma ranar sai ya ji kamar an ɗauki kofinsa an miƙa wa wani ya kurɓa.

Tun da autarsu Liyana ta yi aure ta bi mijinta Ipoh, gidan ya rage su biyu. Rosdi gyaran injinan huɗa da na girbin shinkafa yake yi, kuma ba mutum ba ne mai daɗin baki. In ka jira ya ce wa matarsa ta yi kyau, za ka bushe a tsaye. Abin da ya iya ɗaya ne. Kowace Juma'a bayan la'asar zai dirje baƙin man da ke faratansa, ya goge babur, ya ɗauki Salmiah daga garinsu Yan su ratsa gonaki har bakin teku a Tanjung Dawai. Su zauna a rumfar Mak Esah, su ci taliyar jatan lande, su zaga wajen masu busasshen kifi, su dawo gida kafin magariba. Shekara shida ke nan ba fashi sai in an yi rasuwa. Duk soyayyar Rosdi a cikin fitar nan take, kuma Salmiah ta sani.

To ciwon gwiwa ya zaunar da Mak Esah a gida, ɗanta Sobri ya karɓi rumfar. Shekara ashirin ya yi yana girki a wani otal a Penang, ya dawo ba mata, sai surutu. Shekararsa hamsin da ɗaya, amma gashin nan baƙi wul, rigarsa da karin guga ko a bakin wuta. Rosdi kuwa hamsin da shida, furfura ta cinye kan tas tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi bara.

Sobri ya kawo ƙanƙarar da kansa, ya zuba wa Salmiah, ya juyo.

"Pakcik fa, a ƙaro? Ko haƙoran ba sa son sanyi?"

Pakcik! Sunan da ake kiran sa'an uba da shi. Shekara biyar ce tsakaninsu, biyar kacal, amma ita Salmiah Dik, wato ƙanwa, shi Rosdi baffa. Wato da kalma biyu mutumin nan ya ɗauke shi daga gefen matarsa ya kai shi layin tsofaffin masallaci, shi kuma ya zauna a gurbin.

"Haƙorana lafiya lau," in ji Rosdi.

"Madalla. Allah ya ƙara nisan kwana, Pakcik. Dik, ya miyar? Ta kamo ta Mak?"

"Ta kusa dai," in ji Salmiah.

"Kusa? Kai, an kashe ni! Shekara ashirin a otal, a ce kusa!"

Salmiah ta yi dariya har tana rufe baki da gefen gyale. Rosdi ya dubi dariyar nan, ya yi ta lissafin rabon da ya ji irinta a gida, bai tuna ba. Ya leƙa kwanonta, jatan lande huɗu. Ya leƙa nasa, uku. Wataƙila ya ci ɗaya ya manta, amma bai ba wa zuciyarsa wannan uzurin ba.

Suka kama hanyar dawowa. Salmiah tana bayansa tana nuna masa inda shinkafa ta fara ja, yana amsawa da gyaɗa hular kwano. Sai da suka shiga gida tana ninke gyale ya ce, kamar maganar ba ta dame shi ba:

"Yaron nan na Mak Esah bakinsa ba ya hutawa."

"Yaro? Ai ya girme ni."

"Na ga alama. Har kin ba shi girmansa."

"Wane girma?"

"Ba komai."

Ta dube shi ta gefen ido, ta wuce kicin. Wallahi da ya faɗa a lokacin, da dariya za ta yi masa, shi ma ya yi, a wuce wurin. Amma ina! Rosdi irin mutanen nan ne da in abu ya ci su sai su zauna a kansa su yi ta ɗumama shi.

Mako guda yana kwance injin yana ɗaurawa, kunnensa na jin "Na'am, Dik." Ran Laraba ya tafi har Gurun, inda ba wanda ya san shi, ya sayo maganin rina gashi. Ya kulle kansa a banɗaki ya shafa. Da ya fito, kan nan ya yi baƙi ƙirin har yana ɗaukar ido, gira da gashin baki kuma fari fat, ga wani zirin baƙi ya gangaro bayan kunne.

Salmiah na tsinke ganye ta ɗago. Ta buɗe baki, ta rufe. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Abang... me ya samu kanka?"

"Laifi ne?"

"A'a. Ya yi kyau. Zo in goge maka kunnen."

Ta jiƙa tsumma ta kama kunnen tana gogewa, tana cije leɓe. Ya ji daɗin hannunta, ya kuma ji haushin dariyar da take haɗiyewa. A masallacin Juma'a kuwa abokansa ba su haɗiye komai ba. Wani ya ce a ba ango hanya, wani ya tambaya ko a kan injin ya kwana man ya ɗiga masa.

Da la'asar yana goge babur ya ce, "Yau mu gwada Kuala Kedah mana. An ce laksar can, taliyar nan mai miyar kifi, ba dama."

"Da nisan nan? Ai magariba za ta same mu a hanya. Ni dai taliyata."

Taliyata. Ya riƙe wannan ma ya ajiye.

Rumfar a cike suka same ta. Ranar hutu ce, iyalai sun fito da kakanni da jarirai, jiragen masunta na jere a bakin gaɓa. Sobri na hango su ya taso da kujera mai majingina a hannu, ya janye ta robar da Rosdi zai zauna a kai.

"Ga mai daɗin baya, Pakcik." Sai ya ga kan. Ya ɗan ja baya ya tafa hannu. "Allahu Akbar! Pakcik ya koma saurayi! Dik, ki riƙe shi da kyau fa, 'yan matan Tanjung Dawai ba su da kunya."

Mutanen teburin kusa suka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, haka yake yi wa kowa. Ko minti biyar ba a yi ba ya ce wa wata tsohuwa mai sanda amarya. Amma Rosdi abu ɗaya ya ji: ya ɓata kansa da rini, ya zama abin dariyar masallaci, kuma har yanzu Pakcik ne.

"Biyu, Bang, kamar kullum," in ji Salmiah.

"An gama. Na Pakcik a rage yaji ko?"

"A ƙara," in ji Rosdi.

"Abang, cikinka fa," in ji Salmiah a hankali.

"Na ce a ƙara. A yanka ƙananan barkonon nan a zuba. Da yawa."

Sobri ya ɗaga gira ya tafi. Ya kuwa cika umarni. Aka kawo kwano, miyar ja wur, ƙananan barkono na yawo a kai kore da ja. Rosdi ya ɗauki cokali. Loma ta farko ya ji kunnensa ya toshe. Ta biyu zufa ta keto, ta biyo ta cikin sabon gashin. Salmiah ta tura masa shayinta, ya ture. Yana kallon Sobri can bakin murhu yana wulla taliya sama yana cafewa, yana zuba wa wasu mata labari, sai ya cika cokali da miya da barkono ya kai baki da ƙarfi, kamar da Sobrin yake kokawa.

Miyar ta bi ta inda ba hanyarta ba.

Tari ya sarƙe shi. Ba irin tarin da ake yi a wuce ba, irin wanda numfashi ke tafiya ya ƙi dawowa. Ya dafe tebur, idanu suka firfito, cokali ya faɗi ƙasa. Yana neman iska babu. Cikin wannan hali ya ji muryar Salmiah ta tsaga rumfar:

"Bang! Bang!"

Ya ga Sobri ya yar da ludayi ya taho da gudu da kofin ruwa yana cewa, "Ga ni, Dik, ga ni!"

Aka bubbuga masa baya, aka ɗura masa ruwa, numfashi ya dawo da wata ƙara kamar tsohon famfo. Hawaye da majina da baƙin rini duk sun haɗu a fuskarsa. Rumfar ta yi tsit, kowa shi yake kallo. Sobri na durƙushe a gefensa yana shafa masa baya yana cewa sannu Pakcik, a hankali Pakcik. Salmiah na tsaye, hannunta a kafaɗarsa.

Abin da ya kamata ya ce alhamdulillahi ne. Sai ya kaɓe hannunta, ya ɗago, ya ce da shaƙaƙƙiyar muryar da ta isa har teburin ƙarshe:

"Wai ke mazanki nawa ne? Ina mutuwa ma shi kike kira!"

Innalillahi. Wata mata ta ja ɗanta jikinta. Sobri ya janye hannunsa a hankali, ya miƙe, ya koma wajen murhu bai waiwayo ba. Salmiah ta ja da baya. Ta jawo 'yar butar da ke kan tebur ta wanke yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta goge, ta gyara gyale, ta ratsa tsakanin tebura ta fita.

A gindin bishiyar da suke ajiye babur ya same ta, ta riga ta sa hular kwano.

"Miah..."

"Kai nake kira."

"Me?"

"Kai nake kira. Na ga idonka ya juye, na zaci tafiya za ka yi ka bar ni. Ko tunawa da akwai wani Sobri a duniya ban yi ba." Muryarta ba ta tashi ba, amma hawaye na bin igiyar hular. "Shekara ashirin da tara ina kiranka. Yau ka ce ba ka san nawa kiran ba?"

Nan ma ƙofa a buɗe take. Kalma ɗaya ta isa. Amma kunya ta riga ta shaƙe shi fiye da barkonon, kuma namiji in kunya ta kama shi sai ya nemi inda zai yi gaskiya ko ta halin ƙaƙa.

"To ta yaya zan sani? Ni Bang, shi Bang, mai kifi Bang! Suna ɗaya kin raba wa duk mazan gari. In da mutunci ai sai a bambanta."

"Haka kake so?"

"Haka nake so."

"Shi ke nan. Ba zan ƙara kiran kowa da shi ba."

Ya hau babur yana jin ya ci nasara. Har wani gyaran murya ya yi a hanya.

Sai da aka kwana biyu ya gane cewa kowa ɗin nan har da shi.

Ba gaba ta yi da shi ba, kada a yi mata sharri. Shinkafarsa da kifinsa na kan tebur a kan lokaci, kayan aikinsa a wanke, in ya yi magana ta amsa. Sunan ne kawai ya ɓace. Da, tun daga kicin za ka ji "Baaang, abinci," ta ja shi ta lanƙwasa ƙarshensa. Yanzu sai dai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "An sauke." In baƙo ya zo, "Ana sallama." Ranar da wani manomi ya matsa da tambaya, Rosdi na ƙarƙashin injin ya ji ta ce, "Baban Liyana, ana nemanka." Baban Liyana! Kamar wata maƙwabciya.

Ya shiga dabaru. Ran Litinin da lokacin abinci ya yi, ya tafi can ƙarshen fili bayan ayaba ya tsuguna, wai yana duba bututun ruwa, yana jira dole ta ɗaga murya. Ya fi rabin awa sauro na cinsa. Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ta buga sau ɗaya ta kashe. Ran Talata ya bar wayar a ɗaki ya koma bayan ayabar. Ta fito ta ƙwanƙwasa murfin tukunya da cokali sau uku, kamar mai kiran kaji, ta koma ciki.

Ya zauna ya ci abincin, bai ji ɗanɗanonsa ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da bai taɓa zaton kalma guda za ta yi wa mutum ba. Ran Alhamis ya je wajen mai aski ya ce a kwashe gashin duka. Ya dawo da kai tal, ya tsaya a gabanta. Ta duba ta ce, "Ya fi," ta ci gaba da shara.

Juma'a bayan la'asar ya goge babur, ya tsaya yana murza tsumma a hannu.

"Za mu je?"

"In za a je."

"Ina kike so?"

"Inda aka saba. Ni ban yi abin kunyar da zan canja wuri ba."

Suka je. Rosdi ya wuce kai tsaye bakin murhu, ya miƙa wa Sobri hannu biyu ya ce a yafe masa, ranar nan barkono ne ya hau masa kai. Sobri ya karɓa da hannu biyu, ya taɓa ƙirji.

"Ba komai, Encik Rosdi. Ya wuce."

Encik, irin na ofis da asibiti. Da Sobri ya zo teburinsu bai kawo kujera mai majingina ba, bai yi wasa ba, idonsa na kan tebur.

"Biyu, Encik," in ji Salmiah.

"To, Puan," in ji shi, irin kiran da ake yi wa baƙuwar mace a ofis.

Aka kawo, jatan lande huɗu huɗu, yaji daidai. Ba wanda ya ce masa baffa, ba wanda ya ce wa matarsa ƙanwa. Duk abin da ya nema an ba shi cif. Suka ci shiru, ana jin ƙarar cokali, daga can kuma Sobri na zuba wa wani tebur labari suna ta ƙyaƙyatawa.

Da suka gama suka bi ta layin masu busasshen kifi. Cunkoso ne sosai, kafaɗa na gugar kafaɗa. Salmiah ta tsaya tana taya ƙananan kifi, Rosdi ya ɗan yi gaba. A nan ne kunnensa ya buɗe. Ta ko'ina sunan ke tashi. "Bang, nawa kilo?" "Bang, riƙe min yaron nan." "Bang, matsa da motarka!" "Abang, zo ka gani." Mata sun fi ashirin, manya da yara, wasu da murya kusan irin tata. Ya lura ko sau ɗaya wuyansa bai motsa ba. Shekara da shekaru yana ratsa kasuwar nan ana wannan kiran a kansa, bai taɓa juyawa ba sai in ita ce, ko tana can ƙarshen layi, ko injin jirgi na ruri. Ashe ya sani. Tun can ya sani, ranar nan ce kawai kishi ya toshe masa kunne.

Ya waiwaya ya ga ta karɓi ƙunshinta ta taho. Sai ya yi dabararsa ta ƙarshe. Ya nufi wajen bishiyar, ya wuce babur ɗin kamar bai gan shi ba, ya miƙe hanyar gadar jirage. Yana tafiya a hankali, ya ba ta baya, duk jikinsa ya zama kunne. Taku goma. Taku ashirin. Yanzu za ta kira, dole ta kira, ba murfin tukunya a nan. Ya kai har inda katakon gadar ya fara, gabansa sai ruwa.

Ya ji an ɗan ja hannun rigarsa. Ta biyo shi ne da ƙafa, tana haki kaɗan, ƙunshin kifi a hannu.

"An wuce babur ɗin," ta ce.

Ya juyo ya dube ta. Ya ga furfurar da ta leƙo ta gefen gyalenta, wadda bai san yaushe ta fito ba.

"Miah, na yi laifi. Na san kiranki, wallahi na san shi. Ki kira ni ko sau ɗaya."

Ta daɗe tana kallonsa. Leɓenta ya motsa, ya ga ta haɗa su kamar za ta faɗa, har ya riƙe numfashi. Sai ta sauke ido ta gyara riƙon ƙunshin.

"Ai ga ka nan kusa," ta ce. "Mu tafi, kada magariba ta same mu."